Ni Nake Ɗaga wa Yaya Garkuwa

Ni mai gyaran waya ne a Bodinga. Shagona yana bakin titin da ya fito daga Sakkwato ya nufi Shagari, rumfar kwano ce da teburi ɗaya, da allon caji, da benci. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar na ƙarasa. Abin da zan rubuta a nan laifina ne, wanda na yi wa laifin kuwa yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yarda in rubuta, amma da sharaɗin kada in wanke kaina a ciki.

Yaya tela ne a Shagari. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, da kekensa aka ciyar da ni. Yakan ce taka keke kowa ya iya, yanka shi ne telanci. In ya shimfiɗa shadda a kan teburi ya ɗauki almakashi, ba ya ko sa alli a wasu wuraren, ido kawai yake bi. Mutane daga Kajiji da ƙauyukan da ke kewaye sukan wuce teloli da yawa su kawo masa babbar riga saboda yankansa.

Wata safiya da bazara ya ɗauki buta zai yi alwala, sai butar ta suɓuce. Hawan jini ne, ɓarin damansa ya shanye. Allah ya taimaka, bayan 'yan watanni ƙafa ta dawo, baki ya daidaita. Hannu ne ya tsaya a rabi. Yatsu huɗu suna motsi a hankali, babban yatsa kuwa ya kwanta a cikin tafi, sai ya ga dama yake tashi. Almakashi kuma babban yatsa yake nema. Yaya ya koma shago yana taka keke, amma yanka sai dai wani dattijon tela, maƙwabcin shagonsa, ya yi masa. Dattijon mutumin Danchadi ne, sun fi shekara ashirin suna bango ɗaya. Tun Yaya yana kwance shi yake ƙarasa masa ɗinkunan mutane, har almakashin Yaya a wurinsa ya zauna duk tsawon jinyar.

Duk Talata Yaya yakan tafi wani asibiti a Sakkwato a yi masa gashin hannu. Ma'aikaciyar da ke yi masa ta gaya masa tun farko cewa watannin nan na farko su ne masu daraja, in aka bari yatsan ya sandare a kwance to tayar da shi sai an sha wuya. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ta ce kuma ya riƙa tsintar wake ɗaya-ɗaya daga wani kwano zuwa wani. Wannan aikin waken ya tsane shi.

"Ni kaza ta," in ji shi, "da za a aje ni ina tsintar wake gaban ɗiyana?"

Da yake motar Shagari ta gaban shagona take wucewa, in ya dawo daga Sakkwato yakan sauka ya huta, ya yi azahar, mu ci abinci, sannan ya ƙarasa gida. A nan ya tarar da wasan.

Ina da wata tsohuwar laftof da nake tura wa mutane karatu da hotuna da ita. A cikinta akwai wani wasan 'yan sanda da nake bugawa in kasuwa ta yi sanyi. Sabon wasa ne amma an yi masa zane irin na da. Mutanen ciki 'yan gajeru ne, an haɗa su da ƙananan murabba'ai. Ranar da Yaya ya fara gani ya ce ai wannan ɗinkin hula ne, gida-gida aka bi. Ana ganin gini daga gefe, kamar an yanke bangon gaba da wuƙa, ɗakuna da matakala duk a fili. Daga hagu ake tafiya zuwa dama, ƙofa bayan ƙofa. 'Yan sanda biyu ne. Na gaba yana riƙe da garkuwa, na baya yana da bindiga. A kowane ɗaki akwai 'yan fashi, akwai kuma mutanen da suka ɗaure suka durƙusar. Ba wasan gaggawa ba ne. Sai ku tsaya a bakin ƙofa, mai bindiga ya doke ta da ƙafa, a daidai wannan ƙiftawar mai garkuwa ya ɗaga garkuwarsa, sannan a yi harbi ta saman kafaɗarsa. In garkuwa ta makara, ku duka kun faɗi. In kun gama gini ba wanda ya faɗi kuma ba a taɓa ɗaurarru ba, sai a ba ku taurari uku.

Da Yaya ya ga ɗaurarrun nan sai ya ce, "Ƙasar ga tamu wanga abu ba wasa ba na." Na kai hannu zan kashe, sai ya ce in bari, ko ba komai a nan ana kwance su.

Abin riƙewa ɗaya gare ni, wanda muke ce wa fad, mai waya da ake sokawa a jikin laftof. Shi na ba Yaya, ni kuma ina buga nawa da maɓallan laftof ɗin. Tafiya da yatsan hagu ake yi, wannan bai ba shi wuya ba. Maɓallin garkuwa kuwa a ƙarƙashin babban yatsan dama yake, wato yatsan da ya kwanta. Talatar da ta biyo baya ya ba ma'aikaciyar labari. Ta ce ya ci gaba, duk abin da zai sa yatsan ya motsa alheri ne, amma ƙari ne a kan gashi, ba madadinsa ba. Da bakinsa ya maimaita mini wannan maganar, don haka ba zan ce ban sani ba.

Ginin farko da na biyu mun wuce su da tauraro ɗaya-ɗaya. Yaya yakan dage, ya ciji leɓe, gumi ya tsattsafo masa a goshi, yatsan ya sauka a kan maɓalli bayan an riga an harbe mu. Sai ya yi tsaki ya ce a sake. Bai taɓa gajiya ba. Ni ne nake gajiya.

A shagona kullum akwai 'yan kabu-kabu da ke jiran wayoyinsu su cika. Sun daɗe suna kallona ina buga wasan ni kaɗai, har sun sa mini suna Sufeto, kuma ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata. Da Yaya ya shigo, sai Sufeto ya koma mai faɗuwa a bakin kowace ƙofa.

"Tela, ɗaga hwa! Ɗaga!"

"Ya ɗaga, amma bayan an yi jana'iza."

"Sufeto, ka nemi canjin wurin aiki, wanga abokin aikin naka za shi kai ka lahira."

Yaya yakan yi dariya ya ce, "Kai da ba ka iya ɗaga birki ba, kaka yi man maganar ɗaga garkuwa?" Shi abin bai dame shi ba. Ni kuwa dariyar ta baki ce kawai.

A gini na biyar muka maƙale. Wani ɗakin ajiya ne mai ƙofa uku, a bayan ta ukun akwai wani ƙato mai bindiga baki biyu, yana harbi tun ƙofa ba ta gama buɗewa ba. Talata uku muna mutuwa a wurin. Wata rana ina duba saitin wasan sai na ga cewa ko an soka fad, maɓallan ɗan wasa na biyu da ke kan laftof suna nan suna aiki. Na garkuwa yana can gefen dama, daidai inda ɗan ƙaramin yatsana yake hutawa. Na ga kuma in an danna sau ɗaya garkuwar takan tsaya a sama har sai mai ita ya yi taku, wato in wani ya sake dannawa a makare ba abin da zai ɓaci. Na lura da wannan na yi shiru. Ban yi niyyar komai ba a ranar, amma ban manta ba.

Talata ta zo. Muka wuce ƙofa ta ɗaya da ta biyu da ƙyar, muka tsaya a ta uku. Na doki ƙofa, ɗan yatsana ya sauka. Garkuwa ta tashi cak, harsashin ƙaton ya tsaya a jikinta, na harbe shi ta saman kafaɗar Yaya. Rumfa ta kaure da ihu. Wani ɗan kabu-kabu ya cire hularsa ya jefa sama.

Yaya bai yi ihu ba. Ya ɗago hannunsa yana kallon yatsan. Shi ma ya danna, sai dai a makare kamar kullum, kuma da yake yatsan ba ya jin taɓi sosai, bai iya bambance nasa da nawa ba.

"Kun gani?" ya ce a hankali. "Ya ji magana."

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tausayi ne ya sa na yi. Ƙarya ne. Taurari nake so, kuma na gaji da dariyar 'yan kabu-kabu. Tausayin daga baya na nemo shi na lulluɓe abin da shi, da na ga yadda fuskar Yaya ta yi haske. Na ce sau ɗaya ne. A gini na shida na yi sau huɗu. Daga nan kuwa kowace ƙofa ni nake ɗaga masa. Har na ƙware, nakan bar ɗaya ko biyu su makara da gangan don kada abin ya yi kyau da yawa.

Damina ta sauka. Tafiyar Sakkwato takan cinye wa Yaya yini guda, ga layi, ga zafin gashin da yakan sa shi hawaye. Wata Talata da hantsi sai na ga ya sauko daga motar Shagari a gaban shagona, motar ta wuce Sakkwato ba shi.

"Yaya, lahiya? Ba ka zuwa gashi?"

"Gashi na nan wurinka," ya ce yana zama a benci. "Wata nawa tana murɗa man yatsa bai tashi ba? Nan sati ukku ya tashi. Ɗauko muna abinmu."

Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Kalma biyar ta isa. Na dubi fuskarsa, na dubi mutanen da ke benci, na ɗauko laftof.

Bayan kwana biyu matar Yaya ta kira ni a waya. Tsakanina da ita akwai wasa irin na ƙanen miji, amma ran nan ba ta yi wasa ba.

"Hwaɗa man gaskiya, hannun ga na samun sauƙi? Ni nan gida ko cokali ban ga ya riƙe daidai ba, amma ya ce wurinka kamar walƙiya."

Na ce mata yana samun sauƙi ƙwarai, a hankali abin zai iso gida. Ta yi hamdala, ta sa mini albarka.

Abin da ban hango ba shi ne almakashi. Tunda Yaya ya gaskata yatsa ya dawo, sai ya karɓo almakashinsa daga wurin dattijon, ya shimfiɗa wani tsohon yadi a gida ya gwada. Almakashi ya ƙi buɗewa. Ya sake gwadawa washegari, haka. Ya zo mini ranar Talata, ya buga wasa, garkuwa tana tashi a kan kari, ya koma gida ya ɗauki almakashi, yatsa ya kwanta. Mutum mai hankali ne, ya zauna ya yi lissafi da abin da idonsa ya nuna masa. Yatsa lafiyarsa lau tunda ga shi yana aiki a Bodinga. To me ya sa ba ya aiki a Shagari, kuma a kan almakashi kaɗai?

"Almakashin ga ya kwana hannun wani," ya ce mini wata rana, murya ƙasa-ƙasa. "Wata huɗu yana wurin tsohon ga. Wa ka cin riba in ban koma yanka ba?"

Na ce, "Haba Yaya, Baba ba ya yin haka."

"Ni ma dauri haka nika cewa. To kai hwaɗa man, mi as sanadi?"

Na san sanadin. Yana jikin hannuna na dama. Na ce Allah ne masani.

Yaya ya sayi sabon almakashi, shi ma ya ƙi. Sai ya ce to abin a shagon aka binne. Ya sa aka ɗaga tabarmar shago aka share ko'ina, ya karɓo rubutu yana sha yana shafawa. Ya daina kai wa dattijon yanka, ya koma kai wa wani can ƙarshen kasuwa wanda yankansa bai kai ba. Gaisuwa ma ta koma ta ɗaga hannu daga nesa. Ran wata kasuwar Shagari na je, dattijon ya tare ni a bakin shagonsa, tabarau a kan hanci, tef a wuya.

"Ɗana, zo in tambaye ka. Mi niy yi ma yayanka? In wani abu na, a hwaɗa man in ba shi haƙuri. Shekara ashirin ba mu taɓa kwana da zancen juna ba."

Na ce masa ban sani ba, wataƙila ciwon ne yake sa shi ƙunci. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya ba shi lafiya. Na hau babur na dawo Bodinga. A hanya na yi niyyar in Talata ta zo zan faɗa. Talata ta zo, muka ci taurari uku a wani banki, ban faɗa ba.

Ba ni na tona kaina ba. Wannan ma yana cikin abin da Yaya ya ce kada in ɓoye.

Wata Juma'a ya ce in zo da laftof Shagari, yana son matarsa ta gani da idonta, don ta fara yi masa maganar komawa asibiti. Bayan an sauko daga masallaci muka zauna a zaurensa. Na ɗora laftof a kan kujera 'yar tsuguno, muka zauna a tabarma, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofar cikin gida tana kallo. Hadari ya haɗo, ruwa ya sauko da ƙarfi a kan kwano, ko ƙarar wasan ba a ji. Muna tsaye a bakin wata ƙofa a hawa na biyu, idonmu duka a kan allo, sai wani ɗan akuya ya shigo da gudu yana tsere wa ruwa, ya bi ta gabanmu ya shige cikin gida. Ba wanda ya kula shi.

Na doki ƙofa. Ɗan yatsana ya yi aikinsa. Garkuwa ta tashi, na harbe mutum biyu.

"Kin gani?" in ji Yaya. "Kin gani da idonki?"

Ya tura yatsan hagu don ɗan sandansa ya shiga ɗakin. Ɗan sanda bai motsa ba. Ya sake turawa. Yana nan tsaye da garkuwa a sama.

Matar Yaya ta ce, "Wayar hwa ta hita tun da ɗan akuyan ga yaw wuce. Ga ta can ƙasa."

Muka duba. Kan wayar fad yana kwance a kan tabarma, taku guda daga laftof.

Ko a nan ban tsaya ba. Na ce, "Wani lokaci kwamhuta takan riƙe abin da mutum yas saba yi."

Yaya ya dube ni. "To mi yah hana ta riƙe tahiya?"

Ya sunkuya da kansa ya ɗauki wayar da hannun hagu ya soka. Ya ce in sa hannuna na dama a aljihu, in doki ƙofa da na hagu. Na sa. Muka je ƙofa ta gaba, na doka, aka harbe mu, sannan garkuwa ta tashi a kan gawa. Ya ce a sake. Aka sake, haka. Sau uku. Matarsa ta juya ta shige ciki.

"Tun yaushe?" in ji Yaya.

"Tun ɗakin ajiya."

Ya ajiye fad. Ya shiga ƙirgawa da yatsun hagu, leɓensa yana motsi. Talata goma sha ɗaya ke nan bai je gashi ba. Na jira ya yi faɗa, ko ya mare ni kamar yadda yake yi ina yaro, da na fi samun sauƙi. Sai ya ɗora hannun daman a kan gwiwarsa yana kallonsa kamar baƙo.

"Da ka zage ni gaban 'yan kabu-kabu," ya ce, "ka ce Yaya ba ka iya ba, tashi ka ba wani, da ya hi man wanga."

Na fara ba da haƙuri. Ya ɗaga mini hannu. Ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Tashi. Ba ni za ka hwara ba haƙuri ba."

Ruwan bai ɗauke ba muka fita. Muka tarar da dattijon a shagonsa yana sa wa wata riga maɓalli. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa ya ce masa, "Baba, na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Na ce ka yi ma almakashina wani abu. Wanga zai hwaɗa maka dalili da bakinai."

Na durƙusa na faɗa, tun daga farko. Da wuya a bayyana wa mutumin da bai taɓa riƙe fad ba, sai da na maimaita wasu wuraren. Ya saurara, allura a hannu. Da na gama ya sauke tabarau ya dubi Yaya.

"Wato ɗan sandan cikin talabijin shi yash shiga tsakanina da kai?"

"Shi da wanga," in ji Yaya.

"Ni da ko layar ciwon kai ban iya rubutawa ba." Ya yi 'yar dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. Ya ce zargin ya yi masa zafi, ba zai ce bai yi ba, amma ya yafe. Sannan ya ce, "Rigar ga da nig gani an yanko maka daga ƙarshen kasuwa, wuyanta ya karkace. Gobe ka kawo yadinka nan." Sai da za mu fita ya juyo gare ni. Ya ce, "Ɗana, na tambaye ka hwa." Na ce haka ne, Baba.

Talatar da ta biyo baya na rufe shago na raka Yaya Sakkwato. Ma'aikaciyar ta kama yatsan ta ɗaga a hankali, Yaya ya runtse ido ya ja numfashi ta haƙora. Ta ce ya sandare fiye da inda ta bar shi. Ta tambayi abin da ya hana shi zuwa. Yaya ya nuna ni da haɓa, na sake faɗa, karo na biyu a mako ɗaya. Ba ta yi mini faɗa ba. Na tambaye ta ko da bai daina zuwa ba da yatsan ya dawo duka. Ta ce wannan ba za ta iya sani ba, kuma ba wanda zai iya. Abin da ta sani shi ne yanzu aikin ya ƙaru. Ta koya mini yadda ake miƙar da yatsan, a riƙe, a saki, ta ce tunda ina da hannu mai sauri in yi amfani da shi a nan.

Tun daga lokacin nakan hau babur in je Shagari sau uku a mako bayan la'asar. In zauna a zaure in kama yatsan Yaya in miƙe, shi yana kallon bango. Watan farko ba ya yi mini magana sai ta dole. Matarsa takan aiko da abinci, amma wasan ƙanen miji sai da aka ci sabon gero sannan ya dawo, shi ma ba kamar da ba. Kwanon wake ya dawo tsakar gida, Yaya yana tsinta a gaban 'ya'yansa, bai ƙara kiran kaza ba.

Yau Yaya yana yanka yadi mara nauyi, da shafi, da aljihu. Yakan yanka kamu ɗaya ya huta. Shadda har yanzu dattijon yake kai wa. Ko zai sake shimfiɗa babbar riga ya yanka da ido, ban sani ba. In na ce zai yi, na koma gidan jiya.

Wasan kuwa na ɗauka ya mutu ke nan. Sai wata Talata da rani, ya dawo daga gashi ya sauka a shagona, ya yi azahar, ya zauna a benci ya ce, "Ɗauko." Na riga na samo fad na biyu, ban san ko za a taɓa buƙatarsa ba. Ya sa na ɗora laftof can saman allon caji, inda hannuna ba ya kaiwa sai na miƙe tsaye. Da allo ya buɗe ya ga jerin gine-ginen da taurarinsu, sai ya ce, "Share su. Ba nawa ba na." Na share, muka koma ginin farko.

'Yan kabu-kabu sun ji labari, a gari irin namu ba a ɓoye irin wannan. Sunan Sufeto ya tafi, yanzu Kofur suke ce mini, wai an rage mini girma. Suna nan suna ihun "Tela, ɗaga hwa!" yana rama musu.

Mun sake isowa ɗakin ajiya. Mako biyar ke nan ƙaton nan yana kashe mu a ƙofa ta uku. Talatar da ta wuce na doki ƙofa, garkuwa ta tashi a kan kari, harsashi ya tsaya. Rumfa ta ɗauki ihu. Yaya bai dubi allo ba, bai dubi yatsansa ba. Hannuwana ya fara dubawa. Na ɗaga masa su sama, fad a tsakaninsu, ya ga duk yatsuna goma. Muna cikin haka wani ɗan fashi ya fito daga bayan akwatuna ya harbe mu duka.

"Sake," in ji Yaya.